Yawuri ko Ida, Wanne ne Kan Ruwa?

Shekarar da aka rufe babban kanal don yashe, Baba ya kira ni ya ce kafin gwiwoyinsa su gama juya masa baya, yana so ya ga ruwan da ba a sa wa kwaɗo. Gonarsa ta shinkafa tana can ƙarshen layi, wajen Bunkure, inda manoma ke kira wutsiya. Sai ruwa ya ratsa gonar kowa kafin ya iso tamu, wani lokacin ma danshi kawai muke samu. Tun ina ƙarami nake ganinsa yana bin kanal da fartanya a kafaɗa, yana lallashin na sama su sakar masa ragowa. Mako biyu aka ce za a yi ba ruwa, kuma na san ranar da aka sake shi Baba ba zai ƙara motsawa ko nan da Madobi ba.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na je wurin direbobin da ke lodin tumatir na tambaye su garin bakin ruwa da ba shi da hayaniya. Ɗaya ya ce Yawuri, ya rantse ba a hango ɗaya gaɓar. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, wanda bai je Ida ba bai ga kogin Kwara ba. Suka kaure da musu, suka manta da ni a tsaye. Na duba waya, hotunan duk iri ɗaya: ruwa, kwalekwale, wani mutum riƙe da kifi. Matata ta ce Yawuri, don a can za a ji Hausar Baba. Ƙanwar Baba ta ce Ida, da na tambayi dalili ta ce sunan ne ya yi mata daɗi. Kwana biyar suka tafi a haka. Da safe in tashi ɗan Yawuri, kafin la'asar na koma ɗan Ida. Haushin kaina ya kama ni, ga ni malamin makaranta amma na kasa zaɓar gari.

Ƙarshe na zana wa Baba kogin a ƙasa da tsinke, na sa tsakuwa biyu. Tambaya ɗaya ya yi: wanne ne kan ruwa, wanne ne wutsiya? Na ce Yawuri ce sama, Ida ƙasa. Ya ce to me ya hana ni barci? Mai hankali ba ya zuwa kallon ruwa a wutsiya.

Na ce ai kogi ba kanal ba ne, shi yana tafiya yana ƙaruwa. Ya dube ni kamar na ce akuya ta yi ƙwai. Ya ce mutanen sama ba sa sha? Ba sa ban ruwa? Dabbobinsu fa? Na ce wasu koguna ne ke zuba a cikinsa. Ya ce su kuma waɗannan, ba su da na sama? Wallahi sai na ji ilimina yana zubewa. Na san abin da na karanta, amma ni ma a wutsiya na girma, ban taɓa ganin ruwa ya yi nisa ya ƙaru ba. Na dubi tsakuwoyina, ban ma ƙara gane wacce ce wacce ba.

Shi ya raba gardamar. Ya ce, "Mu je wutsiyar. In na ga laka, ka daina kawo mini ƙaryar boko har abada."

Duk hanya ina tunanin lakar nan, don rani ne, kuma tafiyar nan ba za a maimaita ta ba. Muka isa Ida da hantsi, na riƙe hannunsa muka gangara gaɓa. Ya tsaya. Idonsa na ta neman inda ruwan ya ƙare. Wani mai kwalekwale da ke jin Hausa ya gaishe mu, Baba ya tambaye shi wa ke buɗe musu ruwan. Mutumin ya yi dariya ya ce Allah. Baba ya nuna kudu da sandarsa ya ce, su na ƙasa da ku fa, suna samu?

"Ai Baba, nasu ya fi namu."

Na juyo in yi masa tsiya, tunda gani ya kori ji. Sai na ga ya tsuguna da gwiwoyin nan nasa, ya tsoma hannu a ruwa. Na fasa tsiyar.

Bai dube ni ba ya ce, "Ashe akwai inda na ƙarshe ba ya roƙo."