Gidan Yaya da Sunan Ɗan Hajiya

A shekarun da nake tsaron wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, ina da aiki na biyu wanda ba a biyana. Duk wanda zai sayar da firiji ko ya ba da ajiya a unguwarmu ta Sa'alaba, ni yake kira in rubuta masa takardar shaida, domin na yi karatun allo a gida kuma rubutuna na ajami yana karantuwa. Ladan aikin shayi ne, wani lokaci da dabino.

Takarda mafi nauyi da na taɓa rubutawa ta yayata ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Ta yi shekaru tana toya waina da dama kunun gyaɗa ga ma'aikata 'yan Nijar da Cadi, har Allah ya hore mata abin sayen wani tsohon gida mai ɗaki biyu da tsakar gida. Mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, ba ma tunkarar sayen gida da sunanmu. Abin da aka saba shi ne a nemi ɗan ƙasa amintacce a sa sunansa a takardar hukuma, sannan a dawo unguwa a rubuta ta gaskiya gaban shaidu, a shafa fatiha.

Wanda muka zaɓa ɗan Hajiya ne, tsohuwar maƙwabciyarmu. Kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Shi haifaffen Jidda ne, yana da ƙaramin ofishin dillancin gidaje a unguwar Bagdadiyya. Yana jin Hausa sarai, amma in ya soma magana sai ta tsinke masa a tsakiya ya ƙarasa da Larabci. Ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, kuma sallar jam'i ba ta wuce shi. Ya sa hannu, Hajiya ta dangwala yatsa a matsayin shaida. Yaya ta naɗe takardar ta sa a gwangwanin madara.

Ana nan sai rediyo ta soma cewa a Amurka mutane sun kasa biyan bashin gidajensu, bankuna suna durƙushewa. Na yi musu addu'a na ci gaba da shan shayina. A sito na lura kwantenonin tayil da ƙofofi sun ragu. Iyakar sanina da lamarin ke nan.

Wata rana bayan la'asar ina gidan Yaya, sai ga ɗan Hajiya. Ya zauna a tabarma, aka kawo masa kunu bai taɓa ba.

"Ya Khala," ya ce wa Yaya, kamar yadda ake kiran inna da Larabci, "akwai mushkila."

"Ta me?"

"Ta gidan."

Yaya ta ɗaga kai ta dubi sama. "Ai an gyara rufin."

Da rabin Hausa rabin Larabci ya yi bayani. Ya kai takardar gidan banki jingina, ya karɓi kuɗi, ya sayi gidaje a wani dogon bene a wata ƙasar maƙwabta. Niyyarsa farashi ya tashi ya sayar, ya karɓo takardar ya mayar ba wanda ya sani. Farashi ya faɗi, masu ginin suka tsayar da aiki. Yanzu banki ya ba shi wa'adi, in ya cika za su karɓe gidan.

"Benen hawa nawa aka gina?" Yaya ta tambaya.

"Ba a fara ba, ya Khala. Amma akwai hoto."

Ya fito da hoton. Yaya ta goge hannunta a zane, ta karɓa ta duba a tsanake.

"Yana da kyau," ta ce. "Wato ka sayi gidan da babu shi da gidan da ba naka ba."

"Wallahi daga Amurka abin ya taso."

"Me ya haɗa ni da Amurka, ɗan nan? Ko waina ban taɓa sayar musu ba."

Washegari ta aike ni banki da gwangwanin. Ma'aikacin mutum ne mai ladabi. Ya juya takardar, ya tambaye ni ko addu'a ce. Na karanta masa, na fassara. Ya tambayi hatimi, na ce babu. Ya tambayi shaidu, na ce Hajiya da ni, sai Allah. Ya ce ba ya jayayya da ko ɗaya cikinmu, amma babu gurbinmu a takardunsa. Ya rage murya ya ba ni shawara in mayar da ita aljihu kada in ƙara nuna wa wani ofis, don doka ba ta yarda da aron suna ba. Ya ba ni ruwa mai sanyi na sha, na gode masa.

Daga nan gidan Hajiya muka nufa, ni da Yaya. Tsohuwar tana zaune a bakin gado da carbi. Ta sa na karanta takardar da ƙarfi, ta ce in maimaita. Sannan ta aika aka kira ɗanta.

"Wannan yatsan wane ne?"

"Naki ne, ya Ummi."

"Na shafa fatiha ko ban shafa ba?"

"Kin shafa."

"To. Gidan da kake ciki a Bagdadiyya, wanda ubanka ya bari, sunan wa ke kai?"

Sunanta ne a kai, shi ya sa bai kai shi banki ba.

"Kafin Juma'a ka kwashe kayanka. Wannan baiwar Allah za ta koma ciki, magana ta ƙare."

"Ya Ummi, in kai iyali ina?"

"Ka nuna musu hoton."

Daga baya dai ta buɗe wa matarsa da yara ɗakin baya na gidanta, shi ma ya laɓe a ciki. Ba zan zalunce shi ba: da kansa ya ɗauki tandar wainar Yaya ya hau da ita hawa na uku inda gidan Bagdadiyya yake, yana haki yana neman gafara.

Banki ya karɓi gidan Sa'alaba. Yaya har yau ba ta yafe wa sabon gidan ba. Babu tsakar gida, maƙwabta suna ƙorafin hayaƙi, masu sayen waina kuma suna isowa sama da gajiya su nemi ƙari.

Ranar da ta tare, aka sake kirana da alƙalami. Na rubuta cewa gidan na Yaya ne, sunan Hajiya ne kawai a takardar hukuma. Wannan karon ɗan Hajiya ne shaida. Na tambaya ko in ƙara da cewa ba za a kai shi jingina ba.

"Ni ko ƙofar banki ban sani ba, Malam," Hajiya ta ce.

Sai na faɗi abin da ke raina: in ta Allah ta kasance, gidan zai koma hannun magajinta, ga shi nan zaune.

Hajiya ta dubi ɗanta, ta dube ni. "To, sai ka riƙa yi mini addu'ar tsawon rai."

Ina yi bayan kowace salla. Yaya ma tana yi, ta fi ni nacewa.