Hijabin Aro a Aikin Magadaliya

Malama Firisila ta daɗe tana koyar da Turanci a wata sakandaren kuɗi kusa da Tina Junction. 'Yar tsohon ma'aikacin kuza ce, ba ta da yawan fara'a, kuma duk wanda ya bi ta ajinta ya san aikinta na ƙarshen zango: ɗalibi ya zaɓi wata matsala ta gari, ya yi hira da mutane, ya ɗauko hoto, ya rubuta waƙa, sannan ya kawo muƙalar da ke kare ra'ayinsa. Kwafi daga waya ne ba ta yafewa. Kullum cewa take, "Ku je da ƙafarku. Wanda ya taka ƙasa shi ke da maki."

Makarantar kuwa tana da doka tun bayan rikice-rikicen baya: ɗalibin da ya tsallaka unguwar da ba ta mutanensa ba da sunan aikin makaranta, hukuncinsa kora.

Tana ɗakin malamai tana duba ayyukan ta zo kan na Magadaliya, yarinya mai shiru-shiru 'yar ajin ƙarshe. Ra'ayinta shi ne matan coci su koma kai ɗinkin Kirsimeti wurin telolin Anguwan Rogo, unguwar Musulmi, kamar da. Malama ta kunna hirar da yarinyar ta naɗa a waya.

"Sunana Ummi," in ji muryar Magadaliya.

Malama ta ajiye biro. Ta duba hoton: ga ɗalibarta cikin hijabi, zaune kusa da keken wata tela mai suna Mariya. Ana cikin hira aka kira la'asar.

"To Ummi, taso mu yi alwala," in ji Mariya.

Malama ta dafe ƙirji, ta manta cewa da safen nan ta ga yarinyar a aji lafiya lau. Can sai dariyar Mariya ta ɓarke a cikin wayar.

"Ke 'yar nan, wa ya ara miki hijabi? A baibai fa kika sa shi! Ga shi kin shigo da 'sannunku' babu ko sallama. Cire ki sha iska, ki faɗa min sunanki na gaske. Kin ci abinci kuwa?"

Malama ta aika aka kira Magadaliya.

"Wa ya aike ki can? Babarki ta sani?"

"Ba ta sani ba, Ma. Ke kika ce mu je da ƙafarmu."

Malama ta sallame ta. Aikin ya fi na kowa, kuma duk wanda ya fi, a gaban shugaban makaranta da iyaye ake gabatar da shi. In ta ba shi makinsa, an kori yarinyar ana saura kaɗan jarrabawa. In ta danne shi, ta zalunce ta.

Malama ta rubuta maki mafi girma. Ta ɗauki aikin ta nufi ofishin shugaba, ta ce masa ita ce ta tura yarinyar Anguwan Rogo.

Magadaliya ta zauna jarrabawarta. Malama Firisila kuwa, ranar Litinin aka karɓe ajin daga hannunta, aka mayar da ita kula da laburare.