Dinya Biyu a Kan Ruwa

Kakata Hajiya Tabawa ta Maradi ta fi rediyo surutu, kuma ba ta cin batir. Bayan magariba mukan kewaye murhunta tana gasa mana gujiya, ɗaya a bakinmu, uku a nata. Ni take kira mijinta, irin tsokanar kaka da jika.

"Mijin banza, matso. Ga ta nan ta fito daga tabki, jiƙe sharkaf."

"Ta zo ta sha wuta," mu amsa. Haka take buɗe tatsuniya.

Tatsuniyar da ta fi so ta wani maharbi ce da yunwa ta shiga gidansa. Ya laɓe a bakin tabki, sai ga dinya tana tafe ƙasa-ƙasa, cikinta na kusan shafar ruwa. Ya duba ya ga biyu, ɗaya a sama, ɗaya a cikin ruwa. Tana ƙara saukowa, suna ƙara haɗewa. Ya rasa ta gaskiya, ya saki kibiya a tsakaninsu. Ruwa ya watse, dinya ta wuce, iyalinsa suka kwana da yunwa.

"In abu ya yi ƙasa," in ji ta, "ido ƙarya yake yi. Tashi ka matsa kusa."

Da na zo Lyon karatu, na ce mata ina koyon rada, na'urar hango jirage daga nesa. Ta yi salati. "Raɗa? Har Faransa don koyon gulma? Da ka zauna, maƙwabciyata ta koya maka kyauta."

Ashe dinyarta zan tarar. In jirgi ya yi ƙasa sosai a kan teku, saƙon da rada ta aika yakan dawo ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye daga jirgin, ɗaya sai ya bugi ruwa tukuna. Na'ura ta ga jirgi da inuwarsa ta rikice, wani lokaci ta nuna shi a ƙarƙashin teku yana hira da kifaye. Shekara huɗu na yi a kan wannan, har sanƙona ma ya fara maido da saƙo.

Bayan na samu aiki a Paris, kowace Juma'a ina sayen katin waya a unguwar Château Rouge, mai arahar nan da ke maido maka da muryarka. Wata rana ƙanwata Hadiza ta ce Hajiya na jin jiki, in taho. Ni kuwa muna da gwajin rada a bakin teku. Na ce a kara mata wayar a kunne in ji ta tukuna.

"Amaryata, kina lafiya?"

Shiru kaɗan, sai na ji can nesa: "...lafiya."

Na yi dariya, na ɗage tafiyar sai bayan gwaji. Kwana tara tsakani ta rasu.

A zaman gaisuwa Hadiza ta ce, "Yaya, ai tun kafin ranar nan ta daina magana. Murmushi kawai ta yi da ta ji ka."

Muryata ce layin ya dawo mini da ita.

Har yau ina gyara wa na'urori wannan kuskure, kuma ana cewa na iya. In sababbin ma'aikata suka tambaye ni maganinsa, sai in cika musu allo da lissafi. Na gaskiyar ban taɓa rubuta shi ba. Tsohuwa ta faɗa mini shi a bakin murhu, ina can ina ɓare gujiya.