Inna Tasalla da Ciwon Gidan Jibo

Da sanyin safiya Inna Tasalla ke fita daga gidanta a Kurugu, riƙe da ƙwarya da sabulun salo. Ungozoma ce, kuma ita ke yi wa mata wankan gawa, shi ya sa in ta shiga gida maƙwabta kan kasa kunne su ji ko guɗa ce ko kuka.

Gidan Jibo makiyayi ya fi kowane gida ba ta aiki. Matan zuriyar akwai haihuwa, amma da sun doshi arba'in sai ciwon daji ya ci musu nono. A daminar 1988 ya kama Rabi'atu 'yar Jibo, bayan ya kashe yayarta. Mutanenmu kuwa ba sa barin ciwo ya zo haka kawai, sai sun nemo mai hannu a ciki. Aka ce maƙwabciyarsu Lami mayya ce. Samari suka jawo ta ƙofar mai unguwa, za a tuɓe ta ta tsallake mara lafiyar, in ta ƙi a ƙone mata ɗaki.

Tasalla, wadda ko a biki ba a jin muryarta, ta ratsa maza. Ta ce ita ta wanke uwar Jibo da ƙanwarsa, da miki iri ɗaya, tun Lami ba ta san hanyar garin ba.

"Ranka ya daɗe, gado ne," in ji ta. "Sai mace ta gama haihuwa yake tasowa, ya riga ya shiga jinin 'ya'ya. Namiji ma yakan ɗauke shi yana lafiya lau, ya miƙa wa 'yarsa. To ta ina zai ƙare?"

Jibo ya sunkuyar da kai. Aka saki Lami. Rabi'atu ta rasu da kaka.

Gidan Jibo ba su yafe ba. Suka ce ta tona musu asiri, ta kore wa 'ya'yansu manema, ba su ƙara kiranta haihuwa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Wankan gawa dai har bara ita suke aika wa, don babu mai jure mikin, takan kuwa je.

Inna, yau ido ya gaza kin ajiye aiki. Ke ce kika san abin da maganar za ta jawo miki, kika faɗa. Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka tsaya kallo ran nan, Allah ya sa in an sake jawo wata mace ƙofar mai unguwa, a samu mai buɗe baki a cikinmu.