Saiwar Kokwamba a Shagon Taki

A shagon takin ƙauyenmu, kusa da birnin Shouguang na ƙasar Sin, wata tsohuwa tana kwance ƙullin ƙyalle. Saiwar kokwamba ce a ciki, ta kumbura ƙulu-ƙulu kamar gaɓoɓin yatsunta.

"Yunwa ke damun shukar, Zang. Ƙaro buhu biyu."

"Goggo, ba yunwa ba ce," in ji Zang, mai shagon. "Taki ya yi yawa. Ya rage tsutsotsin da ke gyara ƙasa, masu cin saiwa suka samu fili. Ki bar gonar ta huta shekara guda."

"Ni fa, wa zai hutar da ni?"

Ina jin gonar kaɗai ta rage mata. Zang yana ɗaure mata buhunan a keke, idonsa a ƙasa.