Wancan Mai Wayar

Sa'adu taubashina ne, ɗan Gwaggo Habi ƙanwar babana, don haka in na zolaye shi a nan ba mai cin tarata. Direban babbar mota ne. Yana ɗaukar albasa daga Goronyo ya kai kudu, wani zubin Ibadan, wani zubin Anaca, a daɗe ba a ga ƙeyarsa a garinmu Taloka ba. Amma labarinsa ba ya yankewa, domin tun da ya buɗe shafi a Tuwita ya daina riƙe komai a cikinsa.

Duk inda ya tsaya sai ya rubuta. Taya ta fashe a Kontagora, ya rubuta. Mai shayi ya ƙwange masa madara, ya rubuta har da hoton kofin. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, don a gida Sa'adu sai ka yi da gaske kafin ya haɗa magana uku. Na taɓa tambayarsa wa yake gaya wa duk wannan. Ya ce duniya. Da na leƙa duniyar tasa, sai na tarar da direbobi da dillalan albasa da wasu mutanen Legas da ba su san ko dogo ne ko gajere ba.

Sa'adu ɗan fari ne, Gwaggo kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama hira da shi, in ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaisuwa, a taƙaice take amsawa ta ci gaba da tankaɗenta. Kiransa a waya kuwa ba a ma maganarsa. Matan yanzu sun sassauta wannan kunyar, ita ko ƙememe.

Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nata. Sai na lura ta fara shigowa bayan la'asar, lokacin da na dawo daga makarantar da nake koyarwa. Yau aron rariya, gobe neman kanwa. In ta zauna ta gyara mayafi, sai ta ce, "Ikilima, wancan mai wayar, mi yac ce yau?"

In na karanta mata sai ta taɓe baki. "Shi dai ba shi da aikin yi." Amma ba ta tashi. Sai ta tambaye ni ko gadar Jebba na da faɗi, ko daga Mokwa zuwa can akwai nisa. Matar da iyakarta Sakkwato ta haddace hanyar kudu gari bayan gari. Ni kuwa ina ta kallonta ina jin daɗin abin, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wani zuwa da ya yi gida, Sa'adu ya ce mini ya goge Tuwita daga wayarsa. Matarsa Nuriyya ta yi masa ƙorafi cewa ko yana gida kansa na cikin waya. Ga kuma wani da bai sani ba da suka yi ta cacar baki a kan ƙwallo har ya kasa cin abinci. "Mi nis samu ciki?" in ji shi. "Ciwon ido da ɓacin rai." Na ce masa ashe hankali ya fara zuwa. Da gaske nake, ban tuna da Gwaggo ba.

Ya tafi da tari mai ƙarfi, irin wanda ake ji ta bayan katanga. Gwaggo ta shigo kamar kullum, na ce mata ya daina rubutu. Ta ce, "Ya hi mishi." Washegari ta dawo, ba ta ari komai ba, ta zauna tana kallon wayata a kan tabarma. Ba za ta tambayi surukarta labarin ɗan fari ba, ba za ta ce in kira shi ba. Haka ta yi ta zuwa tana komawa, har ta fara ramewa. Tausayinta ya kama ni sosai.

Na kira shi na gaya masa komai.

"Inna?" ya ce. "Ita da ko dubana ba ta yi?"

"Ta hi yaron motarka sanin hanyar Jebba."

"To in kira ta?"

"Ba ta amsawa, kai ma ka sani."

Da yamma sai ga rubutu ya fito a shafinsa, gajere: "Mun iso Ilori lafiya. Tari ya sauka. Na ci tuwo na ƙoshi." Nan take wani ya amsa masa da cewa wa ya tambaye shi. Sa'adu bai biye masa ba. Tun daga ranar sau ɗaya yake rubutu a yini, in ya dawo gida kuma wayar tana cikin aljihu.

Da Gwaggo ta shigo na karanta mata. Ta shiga murza bakin mayafinta.

"Tuwon mi? Su can ba su da dawa," ta ce. Sannan ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Sake karanta min wurin tarin."