Rawar Hannun Injiniya

Injiniya bai taɓa sayen kwamfuta haɗaɗɗiya ba. Wai wannan aikin malalata ne. Sana'arsa haɗa na'urar gwajin netwok, wato akwatin da ake jonawa da wayoyin ofis, ya tura saƙo ya karɓa, ya nuna inda saƙon ke ɓata. Tun yana da baƙin gashi shi ke zaɓen komai da kansa, daga katin netwok har fanka. Masu shago in sun hango shi sai gabansu ya faɗi, don sai ya juye musu kanta kafin ya ɗauki abu guda.

"Na'urar gwaji shaida ce," in ji shi. "In shaida ya yi ƙarya, mai gaskiya ake ɗaurewa."

Kafin ya taɓa kaya sai ya dafa ƙarfen taga, kada wutar jikinsa ta ƙone wani abu. Furosesa kuwa, ƙwaƙwalwar na'urar, mai ƙafafu sirara kamar gashi, ba ya yarda kowa ya zaunar da ita sai shi.

To, tsufa ba ya sallama. Rawar hannu ta fara masa daga kofin shayi. Ya koyi cusa hannu a aljihu in yana gaban mutane, ya ci gaba da aiki.

Da aka kira shi gwajin wani sabon gini, ya haɗa sabuwar na'ura, ta ce wayoyin bene na zubar da saƙo. Aka sa mai jan waya ya farke silin ya sake shimfiɗawa. Ba ta canja zani ba. Manajan ginin ya dubi bawan Allah, magidanci da iyalinsa, ya ce in gobe ba a gyara ba ya nemi wani wurin.

Injiniya ya kai na'urar gida, ya buɗe ta a kan teburin falo, ya kara madubin ƙara girma. Ga ta nan: ƙafar furosesa ɗaya ta lanƙwashe. Wayoyin mutumin lafiyarsu ƙalau. Hankalinsa ya tashi, kunya ta rufe shi.

"Maman yara, ara min allura," ya ce wa matarsa.

Ya dafa ƙarfen taga, ya zauna zai miƙar da ƙafar. Allurar ta kama rawa. Ya tallafe dama da hagu, hagun ma ta ɗauka. Ƙafar da ke kusa ita ma ta kwanta.

"Zo ki gwada," ya ce, muryarsa can ƙasa. Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba.

"Haba Baban yara, ni da zare ma sai maƙwabta sun zura min?"

Wayarsa ta yi ƙara. Mai jan waya ne.

"Oga, don Allah wace wayar zan sake cirewa?"

Injiniya ya riƙe wayar da hannu biyu, tana karkarwa a kunnensa.

"Kar ka cire komai, ɗan'uwa," ya ce. "Wayoyinka ƙalau suke. Ni ne na lalace."